Bakwai, biyu, ɗaya

Ƙannena, shekara 11 na yi ina aiki a wata masaƙa a Kakuri da ke Kaduna, ban ajiye ko sisin kwabo ba. Albashi na shigowa sai in nufi Kasuwar Gumi in yanki shadda, in kai wa tela a Kasuwar Barci, da dare kuma ni ne mai biya wa abokai kuɗin tsire. Kafin 20 ga wata na fara cin bashi a wurin mai shagon unguwarmu. Da masaƙun suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, abin da na fito da shi manyan riguna ne cike da akwati. Mai gidan haya kuwa ba ya karɓar riga.

Kuskurena na biyu ya fi ba ni kunya. Da na samu aikin tuƙi, tsoron talauci ya mai da ni marowaci. Nama sai da Sallah. Wata rana ƙaramar 'yata ta roƙe ni kuɗin alawa na daka mata tsawa, alhali akwai kuɗi a asusu. Uwargida ba ta ce uffan ba, kallona kawai ta yi.

Yanzu duk abin da ya shigo hannuna kashi goma nake raba shi: bakwai na gida, biyu na ajiya, ɗaya na jin daɗi. Mai ɗaukar naira 70,000, ke nan 49,000 ta cefane, haya da makaranta, 14,000 ajiya, 7,000 ya sha shagalinsa. Na san tun da aka cire tallafin fetur a 2023 bakwai ɗin ba ta isar mutane da yawa. To, a mai da ita takwas, ajiya ta koma ɗaya, amma kada ta zama babu.

A fitar da na ajiya ranar da kuɗin suka shigo, ba ranar da suka rage ba, don ba sa yin saura. Ni adashi nake zubawa, in na kwasa in sayi masara da kaka, tunda naira a ajiye narkewa take yi.

Kashin jin daɗin kuma dole ne a kashe shi. Nawa na watan jiya, kifi na gasa mana, 'yar tawa da na hana alawa ita ta cinye kan.