Buhunan da suka ɓace a cikin kwamfuta

Da kakar bara wani kamfanin casar shinkafa da ke kan hanyar Argungu ya kira ni da gaggawa. Ni na rubuta musu manhajar da ke karɓar nauyin shanshera daga sikeli biyu, tana tarawa a lissafin kowane dillali. Sau ɗaya ko biyu a mako sai jimillar ta gaza abin da ke takardun awo, buhu biyu ko uku sun bi iska. Har Alhaji mai kamfanin ya fara zargin akawunsa. Ya ce da ni, "Injiniya, in ba injinka ba ne, to yaron nan ne."

Da yaren rubuta manhaja na C++ na rubuta ta, a kan Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Kowane sikeli da nasa zaren aiki, wato ɓangaren manhajar da ke gudu shi kaɗai, kuma zaren biyu suna gudu lokaci guda suna taɓa jimilla ɗaya. Na san a irin wannan wuri cutar take ɓuya, sai dai sani daban, kamawa daban. Kwana huɗu ina cusa layukan da za su buga mini abin da ke faruwa a allo. Ina ƙara su sai matsalar ta yi ɓatan dabo, domin bugawar kanta tana sauya wanda zai riga wani tsakanin zaren biyu.

Da na gaji sai na koma ga rr, kayan aiki mai naɗar yadda manhaja ta yi gudu don a sake kunnawa, wanda Robert O'Callahan da abokan aikinsa suka gina a Mozilla don farautar irin waɗannan kurakurai a Firefox, aka fito da shi a 2014. Ba ya naɗar kowane mataki. Abin da ke shigowa daga waje kawai yake ajiyewa: amsar da Linux ya bayar, lokacin agogo, da daidai gurbin da aka karɓe aiki daga wani zare aka ba wani. Wannan gurbin yana gane shi ne ta ƙidayar da ke cikin kwakwalwar kwamfutar. In aka sake kunna naɗin, komai zai maimaitu yadda ya faru, har adireshin ma'ajiya bai canzawa.

Ya ba ni wahala kafin ya tashi. A kwamfutar kwaikwayo da nake gwaji a ciki, wadda manhaja ce kawai mai kwaikwayon kwamfuta, ya ƙi sam, sai da na koma kan laftof ɗina mai Intel kai tsaye, na sauke wani saitin Linux mai suna perf_event_paranoid zuwa 1 don ya bar rr ya karanta ƙidayar nan. Sannan naɗi talatin na farko duk suka fito lafiya lau, raina ya ɓaci. Ashe rr zare ɗaya yake bari ya yi gudu a lokaci guda, ko kwamfutar na da kawuna takwas, don haka tseren da ke tsakanin zaren biyu yakan lafa. Maganin shi ne wani zaɓin rr mai suna --chaos, wanda ke danne wani zare da gangan na ɗan lokaci. Na haɗa awon ƙarya, na sa shi ya yi ta maimaitawa, na kwanta ina addu'ar kada batirin sola ya mutu. Da asuba na tarar da naɗi ɗaya mai jimilla a gurguje.

Daga nan aikin bai kai awa ɗaya ba. Na buɗe da rr replay, na je ƙarshe, na sa watch -l a kan jimillar don ya tsaya duk inda aka canza ta, na buga reverse-continue, umarnin komawa da baya. Shirin ya koma da baya ya tsaya a kan wanda ya rubuta lambar. Na sake bugawa, ya tsaya a kan ɗaya zaren. Sai ga abin a fili: zaren farko ya karanta jimilla, ya saki makullin da ke hana ɗayan taɓa ta don ya rubuta rahoto a fayil, na biyu ya shigo ya ƙara nasa, sannan na farko ya dawo ya ɗora tsohuwar lambarsa a kai. Ni da hannuna na saki makullin nan watanni baya, wai don manhajar ta ƙara sauri.

Layi uku na gyara. Kafin in tafi na zaunar da Alhaji da akawun gaban laftof, na kunna musu naɗin sau uku, suna kallon buhunan suna ɓacewa a wuri guda. Alhaji bai ce komai ba, ya dai aika a sayo wa yaron tsire.