Amita Bachan da yadda talabijin ta fitar da shi kunya

In dai aka tada hirar Amitabh Bachchan a majalisa, wanda mu nan muka fi sani da Amita Bachan, to zancen ba ya wuce dambe. Wannan ya ce ka tuna inda ya daki ƙarti goma shi kaɗai, wancan ya ce ai doguwar ƙafar nan tasa in ta tashi sai dai bos ya tsinci kansa a ƙasa, a yi ta shewa. Ni ma ina son wannan Amitan, da shi muka tashi. Amma abin da ya fi burge ni a rayuwar mutumin nan ya faru ne bayan an gama zamanin damben, lokacin da ya doshi shekara sittin, bashi ya yi masa katutu, finafinansa sun daina ciniki, su Shah Rukh da Salman sun karɓe kasuwa, kowa ya gama yanke hukuncin cewa tasa ta ƙare.

An haife shi ran 11 ga Oktoba 1942 a Allahabad da ke jihar Uttar Pradesh. Ba ɗan talakawa ba ne kamar yadda yake fitowa a fim, babansa Harivansh Rai Bachchan shahararren marubucin waƙoƙi ne da harshen Hindi, kuma gidansu suna da alaƙa ta kusa da gidan Indira Gandhi, tsohuwar firaministar Indiya, shi da ɗanta Rajiv ma tun suna yara suke abota. Ya yi karatu a Nainital da Delhi, ya kama aikin kamfani a Kalkata, sannan ya ajiye aikin ya tafi Bombay neman shiga fim. Ya fara da Saat Hindustani a 1969, ya ɗan haska a Anand a 1971 inda ya fito a likita gefen Rajesh Khanna, wanda shi ne mai tashe a lokacin. Ban da wannan kusan duk abin da ya taɓa faɗuwa yake, finafinai wajen dozin ba ciniki. Ga shi dogo siriri, ga murya mai kauri, su kuma lokacin jarumin soyayya mai laushin fuska ake yayi.

Sai Zanjeer ya zo a 1973. Salim Khan, baban Salman Khan ke nan, da abokin aikinsa Javed Akhtar su suka rubuta labarin, Prakash Mehra ya ba da umarni, kuma sai da manyan jarumai suka ƙi karɓa sannan abin ya faɗo kan Amita. Ya fito a sufeton 'yan sanda mai suna Vijay wanda ba ya dariya, ba ya rawa, zuciyarsa cike da haushin kashe iyayensa da aka yi a gabansa yana ƙarami. A shekarar ya auri Jaya Bhaduri, wadda suka fito tare a fim ɗin.

Shekarar 1975 kuwa ai ba a magana, Deewaar da Sholay duk a cikinta suka fito. Mutane sun fi ambaton Sholay saboda Gabbar da kuma abotar Jai da Veeru, kuma ya cancanta, fim ɗin da ya shekara biyar ana nuna shi a sinima ɗaya a Bombay ai ba wasa ba ne. Amma ni Deewaar ne nawa. Akwai wani waje da har yau in na gani sai tsigar jikina ta tashi. Yana dako a tashar jirgin ruwa, wasu 'yan daba suna karɓar kuɗi a hannun leburori duk ranar biya, shi kuma ya ce ba zai bayar ba. Suka bazu nemansa cikin gari, ashe yana can zaune a sitonsu yana jiransu. Suna shigowa ya tashi ya kulle ƙofa da kansa, ya jefa wa shugabansu makullin ya ce ya sa a aljihu, shi zai zo ya ciro abinsa. Dukan da ya biyo baya ba wani abin a zo a gani ba ne in ka gwada da na yanzu, naushin ma kana ganin bai taɓa jiki ba, amma yadda ya zauna, yadda ya yi maganar ba tare da ɗaga murya ba, wannan shi ne abin. Lokacin Indiya tana cikin tsadar rayuwa da rashin aikin yi da yajin aiki, a shekarar ce ma Indira ta kafa dokar ta-ɓaci, to talaka ya shiga sinima ya ga wani ya tsaya ya ce ba zan biya ba, yaya ba zai yi ihu ba?

Mu ma nan haushin iri ɗaya ne, shi ya sa ba mu buƙaci jin Hindi ba. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suke shigo da finafinan Indiya sinimomin Arewa, iyayenmu da yayyenmu sun cika su Plaza da Orion da Marhaba a Kano, mu kuma muka tarar da zamanin kaset da gidan kallo. Ko wane gidan kallo da gwaninsa, wanda ya ga fim ɗin sau ba adadi, yana zaune a gaba yana fassara wa mutane da ƙarfi, rabi gaskiya rabi ƙirƙira, in ka musa masa ya ce to kai fassara mana. Tun kafin a san da fassarar situdiyo ta yanzu ke nan.

Coolie ma ya ƙara masa farin jini a wajenmu, tunda a Musulmi ya fito, Iqbal ɗan dakon tashar jirgin ƙasa mai lamba 786 a dantse, ga shahonsa. A wajen ɗaukar fim ɗin ne a Bangalore cikin Yulin 1982 ya kusa barin duniya. Ana ɗaukar faɗa da Puneet Issar, ya faɗa kan gefen tebur ya bugu a ciki, jini ya yi ta zuba ta ciki, aka kai shi asibitin Breach Candy a Bombay rai kwakwai mutu kwakwai, ƙasa gaba ɗaya ta duƙufa addu'a, masallaci da coci da wuraren bautar Hindu. Ya tashi. Darakta Manmohan Desai ya canza ƙarshen labarin don da mutuwa zai yi, kuma in ka kalli fim ɗin za ka ga an tsayar da hoto daidai wajen bugun an rubuta cewa nan ne ya ji ciwon. Jinin da aka ƙara masa a lokacin akwai mai ɗauke da ciwon hanta, shi da bakinsa ya ce kashi 75 cikin 100 na hantarsa ta lalace, da ragowar yake rayuwa har yau.

Daga nan sai abubuwa suka fara karkacewa. Bayan kashe Indira a 1984 ya shiga siyasa don ya taya abokinsa Rajiv, ya tsaya takarar majalisa a Allahabad ya kayar da tsohon ɗan siyasa H. N. Bahuguna da rata mai yawa, amma a 1987 ya ajiye kujerar bayan an jefa sunansa cikin badaƙalar sayen makamai ta Bofors, wadda daga baya aka wanke shi. Ya koma fim, Agneepath na 1990 ya samo masa lambar yabo ta ƙasa, amma yawancin na wannan tsakanin maimaici ne kawai, mutum ya kusa hamsin ana ta rina masa gashi ana haɗa shi da 'yan mata yana tsalle. Bayan Khuda Gawah a 1992 ya ja baya na wasu shekaru.

Sai ya buɗe kamfani, ABCL, wai zai haɗa shirya fim da rarrabawa da kiɗa da shirya taruka duk a inuwa ɗaya. Kamfanin ya ɗauki nauyin gasar sarauniyar kyau ta duniya a Bangalore a 1996, aka yi ta zanga-zanga a kai, aka tafka asara. Ya dawo da Mrityudaata a 1997, shi ma ya faɗi warwas. Bashi ya kai wajen rufi miliyan 900 na kuɗin Indiya, masu bin kuɗi suna sallama a ƙofar gida, banki yana harin gidansa Prateeksha. Mutumin da ƙasa ta yi wa addu'a shekara goma sha biyar baya, yanzu jaridu dariya suke masa.

Abin da ya yi a nan ba kowane mai suna ne zai iya ba. Shi ya ba da labarin cewa wata safiya ya taka da ƙafa zuwa gidan Yash Chopra, wanda ya yi Deewaar da shi, ya ce masa ba ni da aiki, ka ba ni aiki. Aka ba shi Mohabbatein, ba a jarumi ba, a shugaban makaranta mai taurin kai da farin gemu, Shah Rukh Khan shi ne mai soyayyar. Wato ya yarda ya tsufa a gaban kyamara.

A shekarar dai, 2000, tashar Star Plus ta zo masa da tayin gabatar da shirin kacici-kacici, Kaun Banega Crorepati, samfurin wani shiri na Ingila, irin wanda Frank Edoho ya riƙa gabatarwa a Najeriya daga 2004. A wancan lokacin a ce jarumin sinima kamarsa ya koma akwatin talabijin, kamar a ce wa direban tirela ya koma jan adaidaita sahu ne. An ba shi shawara kar ya yi, zai zubar da girmansa. Ya yi. Shirin ya fara a watan Yuli, tambaya 15, amsa huɗu ka zaɓi ɗaya, wanda ya kai ƙarshe ya tafi da rufi miliyan 10, kuma kafin shekarar ta ƙare wani matashi Harshvardhan Nawathe ya cinye. Da ƙarfe tara na dare gidaje suke tattaruwa gaban akwati.

In ka kalli shirin ko a YouTube ne za ka gane dalili, ko da ba ka jin yaren. Za a kira sunan wata malamar firamare ko wani ƙaramin ma'aikaci daga ƙauye, mutum ya fashe da kuka don bai taɓa zaton zai ga Amita ido da ido ba. Sai ka ga dattijon ya tako da kansa, ya miƙa masa abin share hawaye, ya ba shi ruwa, ya raka shi har kujera ya gyara masa ita, sannan ya zauna ya fara tambayarsa gida da iyali da abin da zai yi da kuɗin, da Hindi mai tsabta irin ta gidan marubuta. Kwamfutar da ke gabansa ma da lafazin girmamawa yake kiranta. In mutum ya kama hanyar amsar da ba daidai ba, ba zai gaya masa ba, amma zai yi ta jan lokaci yana sake tambayarsa ko ya tabbata, kai da kake kallo sai cikinka ya ɗuri ruwa. A 2011 wani mai aikin kwamfuta daga jihar Bihar, Sushil Kumar, ya ci miliyan 50 a gabansa. An taɓa ba Shah Rukh shirin a 2007, zango ɗaya ya yi, daga 2010 aka dawo wa mai abu da abinsa a tashar Sony. Da kuɗin shirin da na finafinan da suka biyo baya da tallace-tallace ya biya bashin nan.

Kuma wallahi a ganina aikin da ya yi bayan ya haura sittin ya fi na ƙuruciyar inganci. Baghban na 2003, inda 'ya'ya suka raba uwa da uba kowa ya ɗauki ɗaya kamar kayan gado, iyayenmu mata sun sha kuka a kansa. A Black ya fito a malamin yarinya makauniya kuma kurma. A Paa na 2009 yana da shekara 67 ya fito a yaro ɗan 12 mai cutar saurin tsufa, ɗansa na cikinsa Abhishek shi ya fito a babansa, in ba a gaya maka ba ba za ka taɓa gane shi ba. Cikin lambobin gwarzon jarumi na ƙasa guda huɗu da yake da su, uku bayan 2000 ya same su, sannan aka ba shi Dadasaheb Phalke, babbar lambar fim ta Indiya, a 2019. Ya kuma ba da muryarsa ga yaƙi da shan inna, yana fitowa a talabijin yana yi wa iyaye faɗa su kai yara rigakafi, har aka tabbatar Indiya ta rabu da cutar a 2014.

Ba wai komai nasa ne yake min daɗi ba fa. Tallan ya yi yawa, man gashi, siminti, gwal, cakulan, duk inda ka juya shi ne, har ka rasa wanne yake amfani da shi. Sannan mutumin da ya yi suna da fitowa a mai tsaya wa talaka, a zahiri duk abin da zai faru a ƙasarsa da wuya ka ji ya ce uffan, ko da kuwa Musulmin Indiya da suka ɗauke shi nasu ne abin ya shafa. Wataƙila wuyar da ya sha a siyasa ce ta sa ya kama bakinsa, amma dai shirun yana da yawa. Kuma ba duk abin da ya taɓa a talabijin ne ya karɓu ba, diramar Yudh da ya yi a 2014 ba ta je ko'ina ba.

Abin da yake ɗan ci min rai in na waiwayo gida shi ne, mu namu dattawan daga rediyo da talabijin ma suka fito, su marigayi Kasimu Yero da Samanja, gwanaye ne na gaske tun kafin a san za a yi wani abu wai shi Kannywood. Amma sau nawa ka ga an zauna an rubuta labari sukutum a kan dattijo? Yawanci sai dai a zaunar da shi a falo da babbar riga da carbi, ya ce ban yarda da auren nan ba, a yanke, a koma wajen rawa. Laifin na masu rubutu ne da masu zuba kuɗi, don 'yan wasan in an ba su za su iya.

Can kuwa sai ga Piku a 2015, fim guda a kan tsoho ɗan shekara 70 mai fama da taurin bayan gida, ba shi da hira sai ta cikinsa, ko a teburin cin abinci ko a gaban baƙi, ya hana Deepika Padukone, wadda ta fito a 'yarsa, sakat, ya tilasta aka tafi Kalkata daga Delhi a mota da kujerar bayan gidansa ɗaure a saman motar, Irrfan Khan yana tuƙi yana haɗiyar takaici. Babu bos, babu naushi ko ɗaya, kuma da shi ya ci lambarsa ta huɗu. Wanda bai gani ba ya nema ya kalla, amma don Allah kar a kunna shi lokacin da ake cin tuwo.