Godiya ga waɗanda suka tsaya mini har hancina ya buɗe

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Yau dare na 40 ke nan a jere ina kwana da na'urar da ke taimaka mini numfashi cikin barci har gari ya waye, ban fizge takunkumin na yi jifa da shi ba, ban kuma taɓa maganin feshin buɗe hanci ba. Alhamdulillahi. Na san wani zai ce mene ne abin shela a toshewar hanci. Ni ma da haka zan ce, kafin in shafe kusan shekara ina shaƙar iska ta baki kamar kifin da aka tsamo daga ruwa. Akwai mutanen da na ɗora wa nauyi a wannan tsakanin, wasu ma na ɓata musu rai, kuma ban ga dalilin da zan yi musu godiya a ɓoye ba.

Na farko baban yara. Shi ya fara lura, kuma sai da ya daɗe yana juya maganar kafin ya furta, don ya san halina. Ranar da ya faɗa, cewa ya yi: "Maman yara, ba minsharin ne ya dame ni ba. Shirun da ke biyo bayansa ne yake tsorata ni." Ashe dare da yawa yana zaune yana ƙirga daƙiƙoƙi, daga lokacin da numfashina ya ɗauke zuwa lokacin da zan yi wata irin shaƙuwa in dawo. Ni kuwa fushi na yi, wai an ce ina minshari. Alhali kullum da ciwon kai nake tashi, bakina a bushe, ina makin takardun ɗalibai ina gyangyaɗi, hawan jinina kuma ya ƙi jin magani.

Gwajin barci ne ya raba gardama. Aka manna mini wayoyi a kai da ƙirji da ɗan yatsa, na kwana. Abin da ake ƙirgawa shi ne sau nawa numfashi ke tsayawa ko ya ragu sosai na daƙiƙa 10 ko fiye a cikin kowace awa. Daga 5 matsala ta fara, 15 ta yi tsaka-tsaki, 30 ta yi tsanani. Nawa ya haura 30. Likitan ya ce naman maƙogwaro ne ke saki idan barci ya yi nauyi, harshe ya koma baya, hanyar iska ta rufe, sai ƙwaƙwalwa ta ɗan farkar da mutum don ya ja numfashi, shi bai ma san ya farka ba. Ya ƙara da cewa mata sun fi shiga wannan hali bayan ɗaukewar al'ada, maganar da ta ɗan rage mini kunya.

Aka haɗa ni da na'urar da ake kira CPAP. Ba iskar asibiti take bayarwa ba, iskar ɗakin ce take turawa ta tiyo zuwa takunkumi, da ɗan ƙarfin da zai hana maƙogwaro rufewa. Babban ɗana, mai son bin diddigin komai, shi ya gaya mini wani likita ne a birnin Sidni na Ostireliya, Colin Sullivan, ya fito da dabarar a 1981. Na yi wa mutumin addu'ar alheri a makonni biyun farko, domin rabona da irin wannan barci har na manta.

Daga nan hanci ya ce bai san zance ba. Atishawa da safe, majina kamar ruwa, raɗaɗi a ciki, sai toshewa. Na ce mura ce. Mako ya wuce, wata ya wuce. Da zarar na kwanta sai kafofin biyu su rufe ruf, na'ura tana turo iska ba hanyar shiga, in farka cikin dare na tarar na cire takunkumin ban sani ba. Sau biyu aka rubuta mini maganin kashe ƙwayoyin cuta a wani wuri, ba a ko leƙa cikin hancin ba. Ba zan kama suna ba, amma har yau abin yana yi mini ciwo.

A nan ne na yi wa kaina ɓarnar da ta fi kowace. Na samu wani ɗan maganin feshin hanci, irin wanda ake sayarwa ba sai da takardar likita ba. Fesawa ɗaya, kafin minti biyar hanci ya buɗe wasai. Takardar da ke cikin kwalin ta ce kada a wuce 'yan kwanaki ana amfani da shi. Na karanta da idona, na ninke ta na mayar. Daga sau ɗaya kafin kwanciya na koma sau biyu, daga nan duk bayan awa huɗu, daga nan uku. Ɗaya a jaka, ɗaya a ƙarƙashin filo, ɗaya a durowar ofis. Wata bakwai ina haka, kuma duk likitan da ya tambaye ni magungunan da nake sha, na hawan jini kawai nake ambata, ina yaudarar kaina cewa ai wannan ba sha ake yi ba. Da abin ya ishe ni sai na ɗora wa na'ura laifi, na naɗe ta na ajiye a saman sif. Ta yi kusan wata biyu a can, har ranar da barci ya sace ni a kan sitiyari ina jiran danja, autana yana kujerar baya. Hon ɗin motocin da ke bayana ne ya tashe ni. Na gangara gefen titi na yi kuka mai isata.

Ƙanwata, ke ce ta biyu, kuma ban san da bakin da zan gode miki ba. Ta zo taya ni gyaran ɗaki, ta jawo durowar gefen gado, sai ga kwalabe fanko guda tara. Ta jera su a kan gado ɗaya bayan ɗaya, ta dube ni ta ce: "Yaya, duk ke kika ƙarar da waɗannan?" Na fara kame-kame. Ba ta ce uffan ba, ta zuba su a leda ta saka a jakarta. Ranar da aka ba mu ganin likitar kunne da hanci da maƙogwaro, tun ban gama gaisuwa ba ta zazzage ledar a kan tebur. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, kuma wannan ne ya sa na saki jiki. Ta ɗauki kwalba ɗaya ta nuna mini sunan sinadarin, oksimetazolin, ta ce da shi da ɗan uwansa zailometazolin aikinsu ɗaya: su tsuke jijiyoyin jinin cikin hanci, nama ya sace, iska ta wuce. Idan ƙarfinsu ya ƙare jijiyoyin su buɗe fiye da da, mutum ya ƙara fesawa, a haka har hanci ya kasa zama a buɗe sai da su. "Hajiya," in ji ta, "maganin da kike gudu wurinsa shi ne yanzu yake kumbura miki hancin. Amma ba shi ya fara ba, bari mu nemo wanda ya fara."

Ta zura wani siririn abu mai fitila da kyamara a bakinsa, ta juyo mini da allon. Karo na farko ke nan da na ga cikin hancina. Nama ja jawur, ya cika hanya har yana taɓa bangon tsakiya. Ta ce a kowane gefe akwai wasu 'yan ƙasusuwa uku masu lanƙwasa da nama ya lulluɓe, aikinsu ɗumama iska da jiƙa ta kafin ta isa huhu, kuma na ƙasan ne ya fi kumbura. Ko a mai lafiya, gefe ɗaya kan ɗan kumbura ɗaya ya sace, su yi ta karɓa-karɓa bayan 'yan awanni, kwanciya kuma tana ƙara tara jini a wurin. Sai ta fesa nata maganin, muka jira kamar minti goma, ta sake dubawa. Dama ta buɗe sosai, alamar nama ne ya kumbura, ba ƙashi ne ya yi girma ba. Hagu ta buɗe rabi, don bangon da ya raba kafofin ya ɗan karkata can. Babu tsiron nama, abin da na fi tsoro ke nan. Daga nan ta tura ni gwajin alaji, wato na gano abin da jikina ba ya jituwa da shi: ɗigo-ɗigo a hannu, a ɗan tsikari fata, a jira minti 15. Guda ɗaya ya yi tudu kamar cizon sauro, na wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu zama a katifa da filo da ƙurar ɗaki.

Wanda ya fara ɗin kuwa, matashin da ke kula da na'urori a sashen barci ne ya kamo shi. Ya zare ɗan katin da ke jikin na'urar ya saka a kwamfuta, sai ga duk dararen da na yi a rubuce. Ya sa biro a kan wani layi da ke tashi sama kusan kowane dare bayan ƙarfe biyu, ya ce: "Mama, a nan bakinki yake buɗewa." Takunkumin hanci kaɗai nake sawa. Idan baki ya buɗe, iska ta shiga ta hanci ta fice ta baki ba tsayawa, alhali hanci yana maido da laimarsa ne daga numfashin da ke fita ta cikinsa. Sai ya bushe, ya kumbura, ya toshe, baki ya ƙara buɗewa. Ya tambaye ni lamba nawa na sa ɗan tankin ruwan da ke jiƙa iskar. Na sunkuyar da kai. Tun makon farko na daina zuba masa ruwa, don raɓa na taruwa a tiyo tana ɗigo mini a fuska cikin dare. Ya buɗe bayan na'urar ya ciro matacin iska, wanda ban ma san ana canzawa ba. Fari ne a da, ya koma kalar toka.

Yaron nan ya zauna da ni fiye da awa ɗaya, ranar da layi ya cika. Ya ba ni tiyo mai ɗumi da ke hana raɓa, ya ce in ajiye na'urar ƙasa da tsayin gado don ruwa ya gangara baya, ya nuna mini yadda ake ɗaga laima kaɗan-kaɗan. Mun gwada maɗaurin haɓa, bai yi mini ba, sai ya koma da ni takunkumi mai rufe hanci da baki gaba ɗaya. Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan mahaifa.

Rabuwa da ɗan feshin nan ita ce wuyar aikin. Likita ta ce a fara da kafa ɗaya, a bar ɗayar har ta farko ta farfaɗo. Ta rubuta mini wani feshin na daban, mometazon, mai kwantar da kumburi, ta gargaɗe ni cewa ba ya buɗe hanci nan take, sai an jure kwanaki har zuwa makonni. Nas ɗinta ce ta koya mini riƙonsa: hannun dama ga kafar hagu, hannun hagu ga ta dama, a karkata bakin kwalbar wajen kunne don kada ya riƙa bugun bangon tsakiya ya jawo haɓo, kuma kada a zuƙe da ƙarfi ya wuce maƙogwaro. Kafin shi, wankin hanci da ruwan gishiri, ruwan kuma wanda aka tafasa ya huce. Kwana goman farko ba na fatan su ga maƙiyi. A kishingiɗe nake kwana da filo uku. Baban yara ne ya riƙe kwalba ta ƙarshe a aljihunsa, shi ke fesa mini a kafa ɗayar, sau ɗaya tak. Wani dare wajen ƙarfe uku na roƙe shi, na yi masa kuka, na faɗa masa maganar da ba ta dace ba. Ya ce: "Faɗi duk abin da za ki faɗa, da safe ma yi magana." Bai taɓa tayar da zancen ba har yau. A gaban jama'a nake neman afuwarka.

Yarana, na gode da wankin zannuwan gado duk mako da ruwa mai zafin digiri 60, kamar yadda aka ce saboda ƙananan halittun nan na katifa, ba tare da ƙorafi ba, ko da yake na ji ƙunƙuninku sau ɗaya. Abokan aikina da suka karɓi darussana na safe, shugabarmu da ta ɗaga mini ƙafa, mahaifiyata da ke kira kullum ta tambayi "hancin nan", duk Allah ya saka da alheri. Masu turo mini shawarwari ma na gode, har da masu cewa in shafa man zafi. Na tambaya, aka ce sanyin da yake sa mutum ji ne ke kama da buɗewa, hanyar tana nan yadda take, mai kuma yana lalata robar takunkumi. Kada wanda ya ga ban bi tasa ba ya ji haushi.

Na so a yi mini aiki a huta. Har cewa na yi a yanke naman kowa ya huta. Likitar ta ƙi gaggawa. Ta ce ana iya rage shi, ana iya miƙar da bangon, amma idan aka ɗebe fiye da kima hanci kan bushe, mutum ya riƙa jin ba ya samun iska alhali hanya a wangale take, kuma abin da aka cire ba ya dawowa. Ta ce kuma ko an yi, ba zai raba ni da na'ura ba, don matsalar barcin a maƙogwaro take. A lokacin na ji haushinta. Yanzu dama tana buɗe dare da rana, hagu ce ke ɗan toshewa in na kwanta a kanta, kuma sai nan da wata uku za ta sake zura kyamarar ta yanke shawara a kan bangon. Ina roƙon addu'arku a kan wannan.

Ledar kwalaben tana wurin likitar. Da za mu fito ta ce in bar mata su, akwai masu zuwa da irin labarina da ba sa yarda sai sun gani. Ƙanwata ta ce wa likitar ta ƙirga da kyau, don ta tabbata akwai ta goma da ban fito da ita ba. Akwai kuwa. Tana durowar ofis, na miƙa wa likita ita a zuwa na biyu.