Lambar Baba Soja a gwangwanin Milo

Ranar Asabar da ta wuce muna gyara ɗakin Hajiya kakarmu a unguwar Nima ta Akra sai ƙanwata ta jawo wani tsohon gwangwanin Milo daga ƙarƙashin gado, duk ya yi tsatsa. Mun ɗauka maɓallai ne da zare. Da muka buɗe sai ga lambobin soja guda uku naɗe cikin tsumma, ɗaya mai kamar tauraro, ƙyallenta ja da shuɗi duk ya koɗe. Hajiya ta karɓa ta riƙe ta jima ba ta ce komai ba, can ta ce "ta Bama ce, ta kakanku."

Wallahi kunya ta kama ni. Mutumin nan da unguwa ke kira Baba Soja na san shi ina yaro, yana zaune bakin ƙofa da carbi da redio, in muka yi ƙiriniya ya daka mana tsawa mu watse, amma ban taɓa zama na ce Baba ba ni labarin yaƙi ba, ko sau ɗaya, har Allah ya karɓi abinsa.

Su Baba ne fa aka kwasa lokacin yaƙin duniya na biyu a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan dajin Bama su yaƙi Japan, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Sunan Burma Camp, barikin soja na Akra, da muke ji kullum a bakin yaran trotro, motocin hayarmu, daga can ya samo asali. Kuma abin da ya fi tsaya min a rai, kirarin rundunar Gold Coast, wato Gana ta yanzu, da Hausa yake, Kullum Shiri. Harshenmu ne ake magana da shi a bariki a wancan zamani, Bagurunshe da Bamoshe da Bafrafre duk da shi suke jin juna. Amma yau tambayi yaran zango goma wa ya san wannan.

Da suka dawo ma ba su huta ba. Alƙawuran fansho da aiki da aka yi musu shiru, shi ya sa ran 28 ga Fabrairu 1948 suka fito za su kai takardar koke ga Gwamna a fadar Osu, wani Baturen ɗan sanda Imray ya buɗe wuta a mararraba, Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey suka faɗi. Garin Akra ya kama da wuta, aka kama Nkrumah da abokan gwagwarmayarsa biyar, shekara tara bayan nan ƙasa ta samu 'yanci. Hajiya ta ce ranar kakanmu bai kwana gida ba, sai da asuba ya shigo ba takalmi.

Washegarin buɗe gwangwanin, ranar Lahadi, na hau trotro zuwa Osu, na shiga maƙabartar sojojin yaƙin duniya ta Christiansborg, wadda ake taro cikinta duk 11 ga Nuwamba. Wurin tsaf, ciyawa a yanke, duwatsu a jere. Na bi ina karanta sunaye, ga na musulmi nan, ga waɗanda aka laƙa musu sunan ƙabila a matsayin sunan uba saboda haka Bature ke rubuta su. Ni kaɗai ne a wurin. Na yi musu Fatiha, ban san ko akwai dangin da ke zuwa musu ba.

Ba sai mun jira gwamnati ta ajiye furanni sau ɗaya a shekara ba. Sarakunan zango da limamanmu za su iya sa Juma'a guda a yi wa mazan jiya addu'a a kira sunayensu, makarantun Islamiyya su kai yara Osu ko gidan tarihin soja na Kumasi su gani da idonsu. Tsofaffin da suka san labarin suna ƙarewa, Hajiya kanta ta haura casa'in.

Na goge lambobin da toka da lemun tsami, na kai wa mai katako a Mamobi ya yi musu gida da gilas. Jibi bayan la'asar zan koma wajen Hajiya da waya in naɗi muryarta, ta ce akwai waƙar da suke yi in za su yi fareti, tana tuna baiti biyu.