Dafin Kunamar Da Ke Kashe Ƙwaro Ya Bar Mutum

Dafin kunama gauraye ne na sinadarai masu yawa, kuma kowanne da abin da yake hari. A cikin dafin kunamar Arewacin Afirka mai kaurin wutsiya, Androctonus australis, akwai AaH II da ke kashe dabbobi masu shayarwa. Akwai kuma AaIT, wanda ƙuda da kyankyaso ba sa tsira daga gare shi, amma ɓera ko a jikinsa. Eliahu Zlotkin da abokan aikinsa ne suka ware wannan na biyun a shekarar 1971.

Dukansu jijiya suke nufa. A jikin fatar kowace jijiya akwai ƙananan ƙofofi na furotin da ke buɗewa sodiyam ya kwarara ciki, su rufe kansu cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Da wannan buɗewa da rufewa saƙo ke tafiya har tsoka. Ƙofar tana da sassa 4, kowane sashe da sanduna 6 da suka ratsa fatar, ta huɗun ita ce ke jin canjin wutar lantarki ta motsa.

Dafin ƙananan furotin ne, masu amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 60 zuwa 76, an ɗaure su da mahaɗan salfa 4 da ke hana su warwarewa. An kasa su rukuni biyu, alfa da beta. Rukunin alfa suna kama sashe na huɗu na ƙofar daga waje, su hana ƙofar rufewa da wuri. Rukunin beta kuwa sashe na biyu suke kamawa, su riƙe sandar nan a matsayinta na buɗe, sai ƙofar ta riƙa buɗewa tun wutar ba ta kai yadda ya kamata ba.

Masu zaɓen ƙwari zalla suna cikin beta, kuma iri biyu ne. Idan aka yi wa tsutsar ƙuda allurar AaIT, mai amino asid 70, nan take za ta takure ta sandare, saboda jijiyoyinta suna ta harba saƙo babu tsayawa. LqhIT2 na kunamar Leiurus, mai amino asid 61, salonsa daban: tsutsar takan ɗan takure, daga nan jikinta ya saki ya yi laƙwas, don jijiyar ta rasa ƙarfin aika komai.

To me ya sa mutum ya kuɓuta? Ƙofar ƙwaro da tamu sun yi kama sosai a tsakiya, amma lanƙwasassun zaruruwan da ke leƙowa waje sun ɗan bambanta, kuma daidai nan dafin ke sauka. Amino asid kaɗan sun isa su sa siffar dafin ta dace da ta ƙwaro, ta ƙi dacewa da tamu. Sannan mutum yana da nau'in ƙofar guda 9, yawancin ƙwari kuwa ƙwayar gado ɗaya tak suke dogara da ita, wadda ake kira para. Aka kama ta, an kama jiki duka.

Wannan ya sa masu haɗa maganin ƙwari suka ƙwallafa rai, musamman ganin magungunan feshi irin su DDT da firetiroyid ma wannan ƙofar suke kaiwa hari, ƙwari kuma sun daɗe da samun sauyin gadon da ke kare su. Gurbin da dafin ke kamawa daban ne da nasu.

Sai dai kunama allura take yi, manomi kuwa feshi. Furotin ba ya ratsa ɓawon ƙwaro, idan kuma ƙwaron ya ci, hanjinsa ya narkar da shi. Haɗa shi a cikin bakteriya ma wahala ne, don mahaɗan salfar sukan ɗauru ba daidai ba, a samu dunƙulen da ba ya aiki. Shi ya sa aka koma neman wanda zai kai saƙon ciki. A 1991 an dasa ƙwayar gadon AaIT a cikin bairos ɗin da ke kama tsutsotsin amfanin gona, ya riƙa kashe su da sauri fiye da na asali. A 2007 Chengshu Wang da Raymond St. Leger suka saka ta cikin naman gwarin Metarhizium, wanda da kansa yake huda ɓawon ƙwaro, ƙarfin kisansa ya ninka sau 22 a kan tsutsar taba, sau 9 a kan sauron Aedes aegypti. A ganina wannan hanya ta fi ma'ana, domin naman gwarin da kansa yana zaɓen ƙwaron da yake kamawa, abin da AaIT ba ya yi tsakanin mai ɓarna da mai amfani.