Abin da na koya a Wat Mahathat ina jinyar yayana

Jinya mai tsawo tana da wata irin gajiya da barci ba ya maganinta. Duk wanda ya taɓa zama da marar lafiya wata da watanni ya san ta: kana son mutumin har cikin ranka, amma da ya kira sunanka da tsakar dare sai ka ji ƙirjinka ya ɗaure, ka miƙe kana ƙunƙuni a zuci. A wannan hali nake a Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, inda muka kai yayana neman maganin ciwon dajin hanji. Tsakanin ƙarin magani ɗaya da na gaba akwai zaman jira na makonni, ga kuɗi suna zurarewa, ga waya daga Kano safe da yamma, kowa na tambayar ya mai jiki, ni kuma ina cewa da sauƙi, ko da sauƙin ko babu.

Wata nas 'yar ƙasar, dattijuwa, ita ta lura da fuskata. Ta rubuta mini sunan Wat Mahathat a bayan takardar magani, ta ce akwai wani sashe a ciki, na biyar, inda ake koya wa baƙi zaman natsuwa da Turanci, kuma ba a karɓar ko sisi.

Wurin tsohon gidan ibadar mabiya Buda ne, kusa da fadar sarki. Jirgin ruwa ake hawa a kogin Chao Phraya, a sauka a ratsa wata kasuwar layu, inda za ka ga maza sun duƙa da gilashin ƙara girma a ido suna duba ƙananan siffofin Buda na yumɓu, suna tantance na asali da na jabu. Tun daga nan na fara tambayar kaina me ya kawo ni. Saboda haka ina shiga na gaya wa malamin, wani mai mayafi ruwan goro da ake kira Ajan, wato yadda suke kiran malamansu, cewa ni Musulmi ne, ba zan rusuna wa mutum-mutumi ba, ba kuma zan bi su karatun addu'o'insu ba. Bai ko ɗaga gira ba. Ya nuna mini gefen ɗakin ya ce ƙafafuna da numfashina kawai yake buƙata.

Da tafiya aka fara, ba da zama ba. Ka tsaya ba takalmi, hannu a haɗe, ido a ƙasa kamar taku biyu gabanka. Ka ɗaga ƙafar dama kana cewa a zuci "dama", ka ajiye, sannan hagu. Bayan ka saba sai a raba takun gida uku: ɗagawa, turawa, ajiyewa. Waɗanda suka daɗe suna raba shi har gida shida. In ka kai bango ba ka juyawa kai tsaye. Sai ka lura cewa ka tsaya, ka lura da niyyar juyawa tun kafin jiki ya motsa, sannan ka juya a hankali. Ni da nake ratsa Kantin Kwari da gudu tun ina yaro, sai ga ni ina cin minti goma a tsawon tabarma biyu. A nan na fara jin abubuwan da ban taɓa sanin suna faruwa ba: sanyin daɓe yana fara taɓa diddige, nauyi yana malala zuwa yatsu, gwiwa tana ɗan rawa kafin ɗaya ƙafar ta saki ƙasa.

Zaman kuwa, hankali ake kai wa ciki. Ciki ya tashi ka ce "tashi", ya sauka ka ce "sauka". 'Yan ƙasar suna cewa phong no, yup no. Ba a jan numfashi da gangan, ba a riƙe shi. In tunani ya ɗauke ka, ka ambace shi, "tunani, tunani", ka dawo. In babur ya wuce, "ji, ji". Wannan salo na ambaton duk abin da ya taso daga ƙasar Bama, wato Myanmar, ya zo, daga wani malami mai suna Mahasi Sayadaw wanda ya rayu daga 1904 zuwa 1982, kuma a shekarun 1950 aka kawo shi wannan gida, daga nan ya bazu a Tailan. Sunan aikin gaba ɗaya wipassana. Da wuya in kai numfashi biyar a jere hankalina bai tsere ba, kamar akuyar da aka ɗaure a sabon turke. Da na kai ƙara wajen Ajan, ya ce tserewar ba komai ba ce, aikin shi ne lokacin da na gane ta tsere, kuma wanda ya gane sau ɗari ya fi wanda ya gane sau biyu samun horo.

Ciwon gwiwa ne ya fara koya mini abin da ya yi mini amfani a asibiti. Bayan minti ashirin a harɗe, gwiwar dama takan ɗau zafi. Umarnin shi ne kada ka yi saurin gyara zama, ka kai hankali wurin ka duba mene ne a ciki. Da na duba sai na tarar ba abu ɗaya ba ne: akwai zafi, akwai tsukewa, akwai bugawa da ke zuwa tana tafiya, kuma wurin ma ba tsayayye ba ne, yana matsawa. A gefe guda kuma akwai wata murya da ke cewa yaushe za a kaɗa ƙararrawa, kada fa in nakasa, wa zai kula da Yaya. Ajan ya kawo misalin da suke danganta wa Buda, na mutumin da aka harba da kibiya, sannan aka ƙara masa ta biyu. Ta farko ciwon jiki ce, ba makawa. Ta biyu ita ce abin da zuciya ke ɗorawa a kai.

Wani dare Yaya ya tashe ni da amai, na uku ke nan tun isha'i. Ina riƙe da roba a gabansa na ji abin nan ya taso, sai dai a wannan karo na ga zuwansa: muƙamuƙi ya ɗaure, wuya ya yi zafi, numfashi ya taƙaita. Na ce a zuci "zafi, zafi". Bayansa sai ga lissafi ya biyo, kuɗin ɗaki, sabunta biza, shagon da na bar wa yara. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya shafi robar da ke hannuna. Kafin ya gama kurkure baki abin ya lafa, kuma kalmar da ta hau harshena ba ta fito ba. Ba zan ce na daina jin haushi ba. Ɗan sarari ne ya samu tsakanin tasowarsa da buɗe bakina, wanda bai fi na numfashi biyu ba, amma mai jinya ya san darajar numfashi biyu da ƙarfe ukun dare.

Ɓangaren da na raina da farko shi ne na ƙarshen zama, inda ake yi wa mutane fatan alheri a zuci. Tsarin tsoho ne. Wani malami mai suna Buddhaghosa ya rubuta shi dalla-dalla a Siri Lanka a ƙarni na 5. Ka fara da kanka, kana fatan ka zauna lafiya, ka kuɓuta daga wahala. Sai wanda kake girmamawa, sai aboki, sai wanda ba ruwanka da shi, kamar mai sayar da tikitin jirgin ruwa, sai a ƙarshe wanda kuke da tsama. Na ɗauka wasan yara ne, tunda mu addu'a muke yi wa mutane, mun kuma san Wanda muke roƙo. Su a wajensu ba roƙo ba ne, horar da zuciyar mai yi ne, kuma da na fahimci haka sai na daina gwama su.

A cikin wannan koyarwa akwai wata magana da ta tsaya mini. Sun ce kowace kyakkyawar ɗabi'a tana da maƙiyi na nesa da na kusa. Na nesa ga tausayi shi ne mugunta, wannan kowa ya gane. Na kusa kuwa baƙin ciki ne, saboda yana kama da tausayin har ka kasa bambanta su. Ban yarda ba sai ranar da Yaya ya buɗe ido ya same ni na zuba masa ido, ya ce, "Kai don Allah ka daina kallona kamar gawa." Ashe abin da nake kira tausayinsa nauyi ne nake ɗora masa, har shi marar lafiyar ne ke ƙoƙarin lallashina. Mai baƙin ciki kansa yake kallo, yadda abin ya dame shi. Mai tausayi mutumin yake kallo, sai ya ga leɓensa ya bushe, ya ga filon ya zame, ya tuna akwai garin kunun tsamiya a jaka da Hajiya ta ƙulle mana, ya je ya dama. Daga ranar nake karanta masa sakamakon ƙwallo, muna musu a kan 'yan wasa, maimakon in zauna ina ƙirga ɗigon ruwa.

Na san akwai mai karatu da zai ce me ya kai Musulmi can. Tambaya ce mai kyau, kuma ban ce kowa ya je ba. Koyarwarsu ba ta ginu a kan Mahalicci ba, suna kuma cewa babu wani tabbataccen kai ko rai da ke dawwama a cikin mutum. Wannan ban karɓa ba, na kuma faɗa wa Ajan, ya yi dariya ya ce in koma kan numfashina. Sallata ban taɓa ɗaga ta saboda zaman ba, Juma'a kuma masallacin Haroon da ke unguwar Bang Rak nake zuwa. Abu guda dai na lura: wanda ya saba kama hankalinsa yana tserewa a kan tabarma, zai kama shi yana tserewa a raka'a ta biyu, kuma abin da ya gani ba zai yi masa daɗi ba.

A Amurka, tun 1979 Jon Kabat-Zinn ya cire wa wannan horo rigar addini ya mai da shi kwas na mako 8 a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts, don masu fama da ciwo da damuwa. Daga nan aka samu manhajojin waya da ke tallarsa kamar maganin barci. A ganina sun yar da rabi, domin malaman can kullum da tarbiyya suke farawa: kada ka kashe, kada ka yi sata, kada ka yi ƙarya, ka nisanci alfasha da maye. Kuma ba kowa abin ke yi wa daɗi ba. Binciken da Willoughby Britton da abokan aikinta na Jami'ar Brown suka fitar a 2017 ya tattara bayanan masu zaman da suka gamu da firgici da rashin barci da dawowar tsoffin raunukan zuciya. Mai irin wannan lalura ya fara ganin likita, kada ya kulle kansa a ɗaki shi kaɗai.

Yaya ya samu sauƙi mun dawo, yana zuwa duba jiki lokaci-lokaci. Ni kuma ina yin tafiyar nan a zaure bayan asuba, yara suna leƙe suna dariya. Matakin ƙarshe na fatan alheri ne har yanzu ke ba ni wuya. Akwai wani ɗan'uwanmu da ya yi alkawarin gudummawa a gaban Hajiya, muna sauka Bankok ya daina ɗaukar waya. Duk sanda na kawo fuskarsa sai zaman ya koma shari'a, ni ne alƙali ni ne mai gabatar da ƙara. Tsarin ya ce in haka ta faru ka bar shi, ka koma kan wanda zuciyarka ta sake da shi, in ta yi laushi ka sake gwadawa. Haka nake yi. Kwanakin baya mun haɗu a wajen ɗaurin aure, ya miƙo hannu yana kame-kame. Wuyana ya yi zafi kamar kullum. Na karɓi hannun, na tambaye shi ya yara da makaranta, ya ce babbar ta samu gurbi a jami'a, na ce Allah Ya ba da sa'a, muka shiga layin cin abinci.