Yadda na shirya tsohon SV650 ɗina don shiga filin tsere da kuɗi kaɗan

A Ingila akwai ranakun da filayen tseren babura ke buɗe ƙofa ga kowa da kowa. Ba gasa ake yi ba, babu kofi, babu na ɗaya balle na biyu, an ma hana auna lokaci da agogo. Za ka biya kuɗin yini, ka zo da babur ɗinka na hawa, a raba ku rukuni uku: sababbin shiga, matsakaita da gwanaye. Kowane rukuni yakan yi kamar minti 20 a kan kwalta, ya fito ya huta, wani ya shiga, haka har yamma. Kuɗin yinin ya danganta da filin da kuma lokacin shekara, daga fam 100 da 'yan kai zuwa sama da 200.

Ni a Lesta nake zaune, kuma filin Mallory Park bai da nisa da mu. Ɗan ƙarami ne, zagayensa bai wuce kilomita 2 da ɗan ɗori ba, ga tafki a tsakiyarsa. Babur ɗina Suzuki SV650 ne, samfurin da aka fara fitarwa a 2003, mai silinda biyu, cc 645, ƙarfin doki wajen 70. Na hannu na saye shi, da shi nake zuwa aiki, kuma da shi nake so in ci gaba da zuwa aiki bayan na dawo daga fili. Wannan sharaɗin shi ya tsara min duk abin da na saya da abin da na bari.

Da na faɗa wa yayana a waya, shiru ya yi, sannan ya ce, "Ƙanena, da iyalinka da komai za ka koma wasan yara?" Na san abin da yake gani a ransa: samarin da ke ɗaga tayar gaba a ayarin rakiyar amarya, ba hular kwano, ga motoci na tahowa. Na ce, "Yaya, wannan daban ne. Kowa hanya ɗaya ya nufa, ba mai tsallaka titi, ga masu tuta a kowace kwana, ga motar asibiti a tsaye tun safe." Ya ce Allah ya tsare, na ce amin. Haɗari kam akwai shi, ana faɗuwa, ana karyewa, shi ya sa shirin ba abin wasa ba ne.

Abin da idon mutum ke fara kaiwa gare shi salansa ce mai ƙara da kayan ƙara wa inji ƙarfi. Ban sa ko kwabo a nan ba. Filayen Ingila suna da dokar ƙara mai tsanani saboda maƙwabta. A Cadwell Park iyakar takan kasance desibel 105, a Donington kuwa yawancin ranaku 98 ne. A filaye da yawa, da safe mutum zai zo da na'ura ya tsaya bayan salansarka, ka murɗa totur, in ta wuce iyaka ba za ka shiga ba, kuɗinka kuma ya tafi. Salansar kamfani ba ta da wannan fargabar. Batun ƙarfin inji kuwa, sabon shiga ba ya ma iya cinye dokin da yake da shi. A Birtaniya akwai ajin gasa sukutum, Minitwins, da akasari da irin wannan babur ake yin sa, injin kusan yadda ya fito daga kamfani.

Taya na fara dubawa. Tayoyin da na tarar a jikinsa zanensu bai cinye ba, amma a gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke faɗin makon da aka yi ta da shekarar: 2319, alal misali, mako na 23 ne na 2019. Nawa sun kwana biyu, robar ta bushe ta yi tauri, farce ba ya shiga. Na sayi sababbi na titi masu laushi, irin waɗanda aka yi don gudu, masu lambar girma 120/60 a gaba, 160/60 a baya, inci 17. Wannan shi ne kashe kuɗi mafi girma da na yi, kuma ban yi ciniki da kaina a kansa ba. Tayar gasa marar zane ban ko kalle ta ba, don ba ta riƙe ƙasa sai ta yi zafi sosai, sai ka sayi bargon lantarki na ɗumama taya, da janareta, da ƙarafunan ɗaga babur. Ta titi kuwa zagaye biyu a hankali sun ishe ta ɗaukar zafi.

Iskar taya kyauta ce, amma ta fi abubuwa da yawa na kuɗi tasiri. A titi littafin babur ɗin ya ce 33 a gaba, 36 a baya, a ma'aunin iskar taya na psi. A fili taya tana zafi fiye da na titi, iskar ciki ta kumbura, don haka ake ragewa tun tana sanyi. Mai sayar da taya da ke filin ya ce in fara da wajen 31 a gaba, 30 a baya, in riƙa dubawa. Kowace irin taya da nata, a tambayi masu ita. Geji mai kyau na saya nawa na kaina, don na gidajen mai ba abin dogaro ba ne.

Sai birki. Da na buɗe ɗan kofin man birki, man ya yi duhu kamar shayi ba madara. Man birki yana shan danshin iska a hankali. Man birki irin DOT 4 in sabo ne ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa tun daga wajen 155. In ya tafasa, kumfa ce ke cika tiyo, ka matsa hannun birki ya taho har jikin roba babu abin da ya kama. A Mallory akwai kwanar Shaw's, lanƙwasa ce matsattsiya ƙwarai wadda ake shiga da giya ta ɗaya ko ta biyu, kuma kowane zagaye sai ka danne birki da gaske kafin ka kai ta. Gwangwanin man birki bai kai kuɗin cika tanki ba. Na zubar da tsohon, na zuba sabo, na fitar da iska. Na kwance kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, na wanke fistocinta da ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori, na sa sabon fad, wato takalmin birki, mai alamar HH ta kamu mai ƙarfi, na canza tiyon roba da ya tsufa da mai saƙar ƙarfe wanda ba ya kumbura in an matsa. Da hannuna na yi duka a ranar Asabar.

Inda na fi daɗewa shi ne shokazoban gaba. An yi wannan babur don titi ne, don jin daɗin zama, saboda haka gabansa da laushi. Wani dattijo Bature da ya daɗe yana gyaran baburan gasa ya nuna min dabara: ka ɗaura siririn maɗaurin roba a jikin sandar shokazoba, ka tura shi ƙasa ya taɓa bakin roba, ka je ka hau ka taka birki da ƙarfi, ka dawo ka duba inda ya tsaya. Nawa ya haura har ƙarshe, wato gaban yana nutsewa ya ƙure, babu sauran abin da zai shanye gargada in ana cikin birki. Masu kuɗi sukan canza kayan cikin gaba ɗaya, ko su ɗauko gaban GSX-R, babur ɗin gudu na Suzuki, su dasa. Ni sifirin biyu na saya daidai nauyina, da mai mai ɗan kauri, lamba 15 a maimakon 10. Daga nan muka auna yadda babur ke zama in na hau da cikakkun kaya: mutum ɗaya ya riƙe, ɗaya ya auna da tef, muka yi ta juya noti har gaba da baya suka tsaya tsakanin milimita 30 da 35. A kwanar Gerard's na ga amfanin wannan aikin. Doguwar kwana ce ta dama da kake jin ba za ta ƙare ba, babur a kwance tsawon lokaci, kuma gaban ya zauna daram, ba ya lilo. Shokazoban baya ban canza shi da wani ba, tunda ba ya yoyo.

Kayan jiki ba a shiga sai da su: rigar fata mai haɗe da wando, ko biyu masu zif da ya zagaye ƙugu, safar hannu ta fata mai rufe wuyan hannu, takalmi mai tsawo, da hular kwano mai rufe fuska duka. Rigar fata da takalmi na hannu na saya, na bi ɗinkin da yatsa layi-layi kafin in biya. Hular kwano kuwa sabuwa, mai tambarin zinare na ACU, hukumar wasan babura ta Birtaniya, domin hular da ta taɓa faɗuwa ba lallai ta nuna a waje ba, kuma a nan araha ba ta ado. Na ƙara da farantin kare gadon baya. Masu shirya ranakun da dama yanzu suna neman a sa ƙarfen da ke kare hannun birki, don kada wani ya goge ka birkin gaba ya kama ba shiri. Shi ma na sa, da robobin da ke tare jikin babur in ya faɗi. Inshorar titi ba ta biyan abin da ya faru a fili, kuma wannan ne ya sa nake ganin tsohon babur ya fi dacewa da mai koyo: wanda ke tsoron fentin babur ɗinsa hankalinsa ba ya kan kwana.

Daren ranar na duba baƙin mai, na tabbatar notin ƙasan inji da filta a ɗaure suke, na gyara sarƙa ta sami sassauci daidai, na bi notocin kalifa ɗaya bayan ɗaya. Mai ko ruwan lagireto in ya zuba a kwalta, na bayanka ne zai kwasa. Da safe a filin na nuna lasisina, na cire madubai, na manne fitilu da salatif, na saurari bayanin tutoci: rawaya a rage gudu kuma ba wuce wani, ja a koma ciki. Zagayen farko malami ne ke gaba, ana bin sa a layi. Malaman nan suna nan duk yini, kuma in ka roƙa sai ɗayansu ya bi ka a baya ya faɗa maka abin da ya gani. Wanda ya bi ni ya ce in daina kallon tayar gaba, in kai idona inda kwanar ke fita, in kuma saki hannuwana in riƙe tanki da gwiwa. Wannan maganar ta ƙara min sauri fiye da duk abin da na ɗaura wa babur ɗin, kuma ko fam ɗaya bai karɓa ba.

Hutun rana yakan zo daidai da azahar, sai in shimfiɗa darduma a bayan rumfa in yi salla, in ci abinci marar nauyi, in sha ruwa sosai, don rigar fata tana tatse gumi ko da garin da sanyi. A lokacin nake durƙusawa in duba taya. Mallory yawancin lanƙwasarsa ta dama ce, sai ka ga gefen dama ya yi ƙananan dunƙule-dunƙulen roba har kusa da baki, na hagu kuwa da sauransa. In saman ya yi laushi bai yayyage ba, iskar ta yi daidai. Jarkar mai ma tana da amfani, domin babur yana shan mai a fili fiye da yadda ka saba, kuma wanda ake sayarwa a ciki ya fi tsada.

Da yamma, in gajiya ta fara sa ni kuskure layin kwana, nakan haƙura da zangon ƙarshe. Kafin in kama hanyar gida sai in mayar da madubai, in ɓare salatif, in ƙara iska ta koma 33 da 36. A titi kuma idona na kan allon gudu har ƙofar gida, saboda bayan yini a fili, mil 50 a awa ji kake kamar tafiyar ƙasa kake yi.